Bilal bai kwana a gidan da ya gina ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina shan shayi a unguwar Manfuha, nan Riyad, saƙon murya ya shigo wayata. Mace ce, tana kuka, tana magana da Faransanci. Na ruga wajen maƙwabcina Ilu, mutumin Maraɗi, ya fassara mini. Ya saurara, ya sauke wayar a hankali.

"Malam Sani, sai haƙuri. Bilal ya rasu. 'Yarsa ce. Amai da gudawa."



Ga waɗanda ba su san shi ba, Bilal magini ne, mutumin Haiti. Shekara uku muna aiki tare a unguwar Sulai. Girgizar ƙasar da aka yi a garinsu ta danne masa mata da 'ya'ya maza biyu. 'Yarsa Mari kaɗai ta rage masa, tana zaune a tanti tare da gwaggonta. Ba abin da ya kawo shi Riyad sai ya fitar da yarinyar nan daga tanti.

Ba ya hutun rana a ƙarƙashin rufin siminti. Muna miƙe a inuwa, shi yana waje, a zafin nan da kuka sani. Tirela ta wuce, ƙasa ta ɗan motsa, sai ka ga Bilal ya zabura a guje. Mu yi ta dariya. Ni ne ma shugaban tsokanar: "Yalla Bilal, a ci gudu!"

Rannan ya dube ni, da guntun Larabcinsa ya ce, "Rufin da ya faɗo wa iyalina, ni na zuba shi da hannuna. Na rage rodi."

Daga ranar ban ƙara tsokanarsa ba.

Bai riƙe ni ba kuwa. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya dafo mini miyar kabewa irin tasu. Na ce ai wannan taushe ce aka manta da yakuwa. Ya tsaya a kaina sai da na shanye tas.

Da ya tashi komawa gida kafil, wato ubangidan da ya kawo shi, ya riƙe fasfo. Ni na yi ta sintiri ina magiya, "Allah ya ƙara maka tsawon rai, maigida, ka sake shi," har ya sa hannu. Yau abin nan ke cina. Na san kwana ne ya ƙare, amma zuciya ta ƙi yin shiru.

Ganinmu na ƙarshe a kasuwar Batha ne, yana sayen guduma da igiyar awo. Ya ce, "Katako da kwano zan rufa, Sani. Ko ya faɗo, Mari za ta fito da ƙafarta."

Da ya koma gida ya tada bango, saura rufi, guguwa ta zo ta ɓata musu ruwan sha. Kwana biyu ya yi a kwance.

Ilu ya ce a ƙarshen saƙon Mari ta ce maƙwabta sun dawo daga maƙabarta, suka wuce kai tsaye suka hau kan ginin. Mutanen da su ma a tanti suke. Jiya suka buga kwanon ƙarshe, ta kwashe kayanta ta shiga.

Shi ko dare ɗaya bai kwana a ciki ba.

Allah ka jiƙan Bilal, ka yafe masa, ka yafe mini dariyar da na yi masa. Ka ba shi gida a Aljanna, ka tsare Mari da mutanen ƙasarsu. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Ba shi da dangi a nan sai mu.