Ƙullin Asirin da Ke Faɗowa Daga Tankin Ruwa

A gidanmu na unguwar Bani Harisa, saman bene ɗaya muke shanya da maƙwabciyarmu, wata 'yar Chadi mai sayar da turaren wuta. Ita da Innata tamkar 'yan uwa suke, ko shayi ɗaya ba ta sha sai da ɗaya.

Wata safiya Inna ta tsinci wani dunƙule a gindin tankin ruwa, gashi ne cure da ƙananan ƙasusuwa. Ta ɗauko shi da ludayi tana salati. Washegari ga wani. Shi ke nan, an yi mana asiri! Wa kuma ke hawa benen ban da maƙwabciya? Inna ta daina amsa gaisuwarta, ta daina karɓar turarenta. Yayana ya karance tankin da addu'o'i har muryarsa ta dushe. Ni kuwa haushi ya ishe ni, domin ni ake aikawa in binne ƙullin.

Ranar da maƙwabciyar ta gane zargin da ake mata, sai ta tsaya a ƙofarmu ta ce, "Ni, ya ukti, 'yar uwata? Ni? Khalas, shi ke nan!" Ba a jima ba ta kwashe kayanta ta koma wurin ɗanta a garin Khaibar.

Dunƙulen dai bai fasa faɗowa ba. Wani yammaci muna kwashe shanya, sai ga mujiya ƙatuwa a kan tankin, idanu kamar kofin shayi, ga tukkayen gashi biyu tsaye kamar ƙaho. Ta wage baki, ta yi yunƙuri, ta amayo mana asirin nan da ɗuminsa. Ashe ɓera take haɗiyewa ɗungurungum, abin da bai narke ba ta dawo da shi. Aman tsuntsu na yi ta haƙa wa kabari.

Na ce, "To Inna, sai ki kira maƙwabciya a waya ki ba ta haƙuri."

Mujiyar ta juyo da kai har ta baya ta zuba mana ido. Inna ta ce, "Ke dubi ɗaurin ɗankwalin nan! Ita ce ta rikiɗa ta dawo."

Na yi dariya har na zauna, amma daga baya tausayin Inna ya kama ni. Kiran wayar ya fi ƙarfin Inna. Sai dai kullum da la'asar takan hau benen da shayi kofi biyu, ta zauna nesa da tankin ta ce wa mujiyar, "Maƙwabciya, an wuni lafiya?"