Jami'a Uku, Babu Takarda

A garin Belzoni, in ka ce Mama Verlene ba sai ka ƙara da Stokes ba. Shekarun ƙarfinta duk a kamfanin gyaran kifi suka ƙare, tana tsaye a kan siminti mai sanyi tana feɗe tarwaɗa, har yatsunta suka lanƙwashe. Mace ce mai son gane kan abu kafin ta sa ƙafa a ciki. Abu ɗaya ne ya gagare ta ganewa, wato wannan ƙwallo tamu ta hular kwano da bangaje-bangaje, ga shi kuma sau biyu ƙwallon tana shigar mata gida.

Shigar farko ta kan ɗanta Alvin ce. Yaro ne mai gudu kamar an harba shi, har wata jami'a ta ɗauke shi karatu kyauta don ya buga mata. Yana shekara ta biyu mahaifinsa ya rasu. Wani attajiri mai sayar da motoci, masoyin ƙungiyar, ya yankar masa tikitin zuwa gida, ya saya masa baƙar kwat ta jana'iza. Bayan wasu watanni sai ga mutum biyu daga hukumar wasannin jami'o'i da jakunkuna a falon Verlene, suna tambayar wanda ya sayi kwat. Ta faɗa musu gaskiya, har da sa wa mutumin albarka, don ba ta san laifi ba ne. Aka dakatar da Alvin daga wasa. Ya yi zuciya ya tattaro kayansa ya dawo, ya kama tuƙin babbar mota, kuma har yau shi yake yi. Daga nan Verlene ta riƙe abu guda: ɗan ƙwallo ba ya karɓar ko tsinke a hannun kowa.

Shekaru suka ja. 'Yarta Charmaine ta tafi aiki Memphis ta bar mata jika, Rondell, tun yana rarrafe. Yaron ya yi ta girma kamar ana hura shi. Kafin ya kai ajin ƙarshe a sakandare sai ya karkace yake shiga ƙofar kicin. Ba shi da gudun kawunsa, amma in ya tsaya a gaban mutum, mutumin nan ya gama tafiya. Shi kansa ba ƙwallon ce ta fi damunsa ba. Ya fi son zuwa tafkunan kiwon kifi yana tambayar masu aiki dalilin da kifi ke mutuwa in zafi ya yi yawa.

Masu horarwa daga jami'o'i suka fara sintiri a gidan. Verlene ba ta iya riƙe sunayen makarantun, da launin hulunansu take bambance su: masu ja, masu kore, masu ruwan lemo. Kowa ya zo sai ta ciyar da shi, amma ko hula aka miƙo sai ta sa a mayar mota.

Wanda ya fi naci shi ne Koci Brantley na masu ja, wani jibgegen Bature mai dariya da dukan ciki. Ran nan ya share soyayyiyar tarwaɗa da kuɓewa da burodin masara, ya kora da shayi mai ƙanƙara, sannan ya gyara zama.

"Mama, wannan girki naki sai ya sa mutum ya saki matarsa. To, ga magana. Yaron nan ɗana ne daga yau, ni zan riƙe miki shi har ya gama. Batun abin da za a riƙa biyansa duk wata kuma..."

Verlene ta ajiye cokali. "Biyan wa?"

"Rondell mana. Akwai albashinsa, ga kuma talla. Wani mai sayar da motoci ma yana son hotonsa."

Ta miƙe ta buɗe ƙofa ta riƙe. "Malam, ka ci abincina, na gode. Kama hanya. An yi min wannan tarko sau ɗaya."

"Kaka!" in ji Rondell.

"Rufe min baki, Ƙato."

Da Alvin ya dawo daga tafiya ta ba shi labari, tana jiran ya yaba mata. Sai ya zauna a dakalin ƙofa ya yi ta dariya har da hawaye, irin dariyar da ba ta da daɗin ji.

"Mama, ai an canza doka. Yanzu halal ne."

"Wa ya canza?"

"Alƙalai, da su manyan."

"To da suka canza, sun aiko maka? Sun ce ka yi haƙuri?"

"Wa ya san da ni, Mama?"

"Kwat fa, Alvin. Kwat ɗaya."

"Na sani. Ki bar yaro ya karɓa."

Ta bari, ba don ta yarda ba. Koci Brantley ya dawo da furanni, ya ci abinci kamar ba a taɓa korarsa ba.

Sai kuma batun maki ya taso. Malama Ladonna, mai ba ɗalibai shawara a sakandaren, ta kira Verlene ta ce Rondell ya faɗi lissafi, kuma da irin sakamakonsa jami'ar masu ja ba za ta ɗauke shi ba. Verlene ta ji zafi, amma wannan magana ce da ta gane: ba ka ci ba, ba ka wuce ba. Ta kira Koci ta faɗa masa. Ya ce kar ta damu, akwai darasin da ake yi ta kwamfuta, kuma jami'a tana da wata ƙofa ta daban ga masu baiwa ta musamman. Rondell ya yi 'yan makonni yana danne-danne a teburin kicin, sai ga sakamako ya fito da kyau.

"Me ka koya?" ta tambaye shi.

"Wallahi Kaka, in ka faɗi tambaya sai ta sake dawowa har ka dace."

A layinsu akwai wata yarinya, Shanice, wadda ita ce ta ɗaya a ajin su Rondell tun suna ƙanana, ita ma take nuna masa lissafin. Ta nemi jami'ar nan ta masu ja, an ba ta gurbi, amma kuɗin makaranta ya gagari uwarta, ta kama aiki a kantin magani. Verlene ta daina bi ta ƙofar gidansu in za ta coci, don ba ta san me za ta ce wa uwar ba.

Ranar sa hannu a takardar jami'ar da zai bugawa, aka cika ɗakin wasanni na sakandare. Aka jera huluna a kan tebur, Rondell ya ɗauki ja ya kifa a kai, aka yi ta ihu. Bai daɗe da tarewa a makarantar ba, Alvin ya ji a rediyon motarsa cewa Koci Brantley ya koma wata jami'a da ta fi biya. Verlene ta kira lambarsa, wata murya ta ce lambar ba ta aiki. Sai ta kira Rondell.

"Ba shi ya ce zai riƙe min kai ba?"

"Haka suke yi, Kaka. Sabon ma bai san sunana ba, lambar rigata yake kira."

Shekara guda yana zaman benci. Sai wani saurayi mai fararen haƙora, Devin, ya bayyana a matsayin wakilinsa, ya ce ai yanzu ɗan wasa ma yana iya sauya sheƙa. Rondell ya koma wurin masu kore a Louisiana. Can ya samu shiga, sunansa ya fara fitowa a talabijin. Ya aiko wa kakarsa sabon murhun gas. Ta bar shi cikin kwalinsa a baranda tsawon damina, ta lulluɓe da leda, duk motar da ta tsaya a layi sai gabanta ya faɗi. Alvin ne ya gaji ya ɗaura shi wata Asabar tana wurin gyaran gashi.

Sau ɗaya ta je kallonsa a can. Filin ya fi garin Belzoni mutane nesa ba kusa ba. Duk 'yan wasan cikin hular kwano, ba fuska ko ɗaya. Ta nemo lambar da ta sani ta yi ta kiran "Ƙato! Ture shi!" har muryarta ta dishe. Sai da aka tafi hutun rabin lokaci Alvin ya lura.

"Mama, wa kike wa ihu? Wannan lambarsa ce ta waccan makarantar. Wannan yaron ma Bature ne, dubi hannunsa."

"To shi ma ɗan wani ne," in ji ta, ta zauna.

Bayan wasa ta ce a kai ta ta ga ajinsu. Rondell ya sosa ƙeya, ya kai ta wani ginin 'yan wasa mai wurin aski da wurin wanka da kujerun tausa, ya nuna mata ɗaki mai kwamfutoci.

"Ina malamin?"

"A waya muke haɗuwa."

"Karatun kifin da ka ce za ka yi fa?"

"Lokacinsa ya ci karo da atisaye. Sun sa ni a wani."

"Wanne?"

Ya faɗi sunan. Ta sa ya maimaita. Ta tambaye shi wane aiki ake yi da shi, ya ce zai tambaya.

A shekara ta huɗu Devin ya sake samo inda ya fi tsoka, wata jami'a can arewa inda ƙanƙara ke zuba. Verlene ta ce ita a saninta ɗalibi makaranta ɗaya yake shiga ya fito da takarda, mai yawo daga wannan ubangida zuwa wancan kuwa ɗan ƙwadago ne. Devin ya yi murmushi ya ce, "Mama, duka biyun ne." Ta ce to in ma'aikaci ne ina fanshonsa, in ɗalibi ne ina littafinsa. Ya duba wayarsa ya ce ana kiransa.

Ana tsakiyar kakar wasa wani ya faɗo wa Rondell a gwiwa ta gefe. Aka yi aiki, likita ya ce zai yi tafiya lafiya, amma ƙwallo sai dai kallo. Manyan ƙungiyoyin da Devin ke cewa suna layi ba wadda ta kira. Shi kansa Devin sai saƙo jefi-jefi.

Kusan ƙarshen shekara Rondell ya bugo waya. "Kaka, makaranta za ta karrama mu masu fita. An ce kowa ya zo da iyayensa."

Verlene ta ajiye waya ta ɗaga hannu sama. Masu fita! Ta kai wa tela yadi shuɗi, ta sayi hula mai faɗi. Ranar Lahadi ta miƙe a coci ta shaida wa jama'a cewa jikanta ya gama jami'a, na farko a zuriyarsu. Fasto ya sa aka yi tafi. Uwar Shanice ma ta zo ta rungume ta.

Alvin ya tuƙa su, suka biya Memphis suka ɗauki Charmaine. Verlene tana ta zuba ido ta ga ɗalibai da dogayen riguna da hula mai tunku, sai ta ga an nufi filin ƙwallo da su. Ta ce a ranta wataƙila saboda yawan jama'a ne. Aka jera su a bakin fili cikin sanyi mai ratsa ƙashi, aka ba ta furanni. Lasifika ta kira sunan Rondell, ya taho yana ɗingishi da sanda, suka taka tare zuwa tsakiya. Wani mutum ya miƙo musu babban firam. Ta karɓa da hannu biyu ta duba. Rigar ƙwallonsa ce a ciki, an ninke ta a bayan gilashi.

"Barka, Mama," in ji mutumin.

"Takardar fa?"

"Wace takarda?" Kafin ta amsa an kira na gaba.

A mota Rondell ya yi bayani, kansa a ƙasa. Duk sauyin makaranta, sabuwar ba ta amincewa da wasu darussan tsohuwar. Shekara huɗu ya yi, amma a lissafinsu saura masa kusan biyu.

"Na ɗauka kin gane, Kaka. Fita daga ƙungiya ake nufi."

"Su darussan da suka ƙi karɓa, ina suka tafi?"

"Babu inda suka tafi."

"Ka yi su ko ba ka yi su ba?"

"Na yi."

Ta juya wurin Alvin. Ya ce, "Kar ki dube ni, Mama, ni tuƙi nake."

Lahadin da ta biyo baya ta sake miƙewa a coci, don ba ta iya barin magana a karkace. Ta ce jikanta ya gama amma bai gama ba, an karrama shi amma ba a sallame shi ba, kuma duk wanda ya gane ya same ta bayan addu'a ya fahimtar da ita. Aka yi dariya, wasu suka sake yin tafi don ba su san abin da ya dace ba.

Rondell ya dawo Belzoni da 'yar ajiyarsa da gwiwa mai ciwo in hadari ya haɗu. Ya gyara wa kakarsa rufin gida, ya shiga ƙaramar kwalejin da ke kusa, yana biya da kansa, yana zuwa aji da ƙafarsa. Verlene ta ce sai ta ga malamin da idonta, ya kai ta. Wata 'yar siririyar mata ce mai tabarau. Verlene ta tambaye ta ko ita ma tana shirin komawa wata makarantar. Matar ta ce a'a, ita nan take zaune, gidanta ma yana bayan gidan mai. Verlene ta gyaɗa kai, ta ce to ranar Lahadi ta zo cin abinci.