Musaya Ɗaya Tak da Alƙalinmu Ya Taɓa Nema

Da hantsin ranar Laraba, goma sha biyu ga watan Maris, muna tsakiyar aiki a maɗaba'a, Direba ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannunsa, ya ce a kashe injin. Ba a kashe mana injin da hantsi sai da dalili. Ya gaya mana Allah Ya yi maka rasuwa a asibiti bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowannenmu zai koma. Amma Yaya, labarin ya same ni ban shirya ba, domin akwai magana tsakanina da kai da ban ƙarasa ba.

Shekara ashirin da biyu ka yi a kan injin yankan takarda, ka bar shi da yatsunka goma cif. Ba ka taɓa sauke wuƙa ba sai ka auna sau biyu. A watana na farko ina tsara shafuka a kwamfuta, na matse gefen wani littafi, aka buga kwafi dubu biyu. Da ka yanka yadda takardar aiki ta ce, da ƙarshen kowane layi ya tafi kwandon shara, ni ma na bi shi. Sai ka zo teburina da rula, ka nuna mini wurin ba tare da ka ɗaga murya ba, ka koma ka sake saita injin. Har yau maigida bai san wannan labari ba, sai in ya karanta shi a nan.

Shekara bakwai ke nan da muka kafa gasar ƙwallonmu ta waya, mu goma sha biyu. Kowa ya zaɓi 'yan wasan gaske ya haɗa ƙungiyarsa a manhaja, abin da suka yi a fili ƙarshen mako shi ne makinsa. Ɗan wasa ɗaya ba ya zama a hannun mutum biyu, saboda haka in kana son na wani sai dai ku yi musaya. Kyautar zakara kuwa wani tsohon kofin shayi ne mai karyayyen hannu. A kan wannan kofi magidanta masu furfura suke kumbura fuska kowace Litinin. Da rigimar musaya ta yi yawa muka ce a naɗa mai hukunci, kuma ba a ko kaɗa ƙuri'a ba, kowa ya juya ya dube ka. Tun ranar sunanka ya ɓace, ka zama Alƙali.

Ba ka damu da lissafin maki yadda muke damuwa ba. Kana ɗauko guntayen takarda biyu daga ƙarƙashin injin, ka rubuta abin da kowa zai bayar, ka ajiye su a kan tebur, ka sauya musu wuri. Sai ka yi wa wanda ya nemi musayar tambayoyi biyu: da kai ne a wancan gefen, za ka karɓa? Kuma abin da ka sani, shi ma ya sani? Shi ke nan. Ba ka hana mutum yin wautarsa in ya yi ta ido buɗe. Lokacin da Mai Ɗinki, wanda ke ɗinke mana littattafai, ya ba da ɗan gabansa mai cin ƙwallo kowane mako don ya karɓi wani ɗan baya na kulob ɗin da yake mutuwar so, sau uku ka tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. Ya ce ƙalau. Ka sa hannu, ka ce Allah Ya ba shi haƙurin abin da zai gani. Ya ƙare kakar a ƙasan teburin gasar, yana murna.

Kai kanka ba ka taɓa yin musaya ba. Ka ce in alƙali ya shiga ciniki, wa zai duba nasa? Haka ka yi shekara bakwai da 'yan wasan da ka zaɓa a farkon kaka, guragunsu da masu lafiyarsu, kofin nan bai taɓa kwana a gidanka ba.

Yanzu sai abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A watan Janairu ina na biyu a tebur, ina jin ƙamshin kofi. Wata safiya na ga labari cewa ɗan gabana ya ji rauni a wurin atisaye, zai yi wata biyu bai taka leda ba. Direba yana kan hanya ranar, ya tafi kai kaya wani gari mai nisa. Nan take na tura masa tayi: ya karɓi ɗan gabana, ya ba ni ɗan tsakiyarsa. Ya amince a wani gidan mai, har ya turo mini godiya.

Da rana ka kira ni wurin injin, guntayen takarda biyu na kan tebur. Tambayar farko na yi ta kewaye-kewaye. A ta biyu na ce ai labarin a fili yake, kowa na iya gani.

Ka ce, "A fili yake ga wanda ke zaune gaban kwamfuta, ƙanena. Shi hannunsa na kan sitiyari."

Ka soke musayar. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ta da wuyar ɗiba. Na shiga zauren hirarmu na waya, a gaban mutum goma sha ɗaya, na rubuta cewa ba mamaki, tunda Direba ne ke rage wa Alƙali hanya kullum in an tashi. Na san ƙarya nake tun ina rubutawa. Washegari na tarar da shayina a inda ka saba ajiye mini, a gefen tagar ɗakin yanka, na wuce na bar shi ya huce. Mako biyar muka yi ba abin da ke haɗa mu sai girman shafi da yawan kwafi.

Da aka kwantar da kai, aka ce mana ɗan ciwon ƙirji ne. Abokan aiki suka je dubiya, ni na ba da saƙon gaisuwa, na ce aiki ya riƙe ni. A kwana na biyu wayata ta nuna mini cewa Alƙali ya aiko da tayin musaya. Na ɗauka tsokana ce, ko wa'azi za a yi mini. Na ce zan buɗe in na ga dama. Kwana tara yana nan, kullum ina ganin alamarsa, kullum ina ture ta da yatsa.

Da muka je gaisuwa gidanka, maiɗakinka ta sa aka kira ni bakin ƙofar falo. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce tun watan Disamba likita ya gaya maka gaskiyar ciwonka, ka hana ta faɗa wa kowa. Sannan ta ce, "Kullum in na kai masa abinci sai ya ce in duba masa wayarsa, wai ko ka buɗe. Ni ban san mene ne ba. Ka buɗe kuwa?"

A cikin mota na buɗe. Ka ba ni ɗan gabanka, wanda ya fi kowa maki a gasar bana, ka nemi mai tsaron gidana na benci, wanda bai buga ko minti ɗaya ba tun farkon kaka. A ƙasa ka rubuta: "Duba mini wannan, ko akwai adalci a ciki. Yau kai ne alƙali. In ka gama ka kira ni."

Ka san halina sarai. Ka san girman kai ba zai bar ni in zo ba da haƙuri ba, amma bakina ba zai iya shiru a kan musaya irin wannan ba. Da na buɗe, da na kira ka ina masifa, ina tambaya ko zazzaɓi ne ya taɓa maka kai, kai kuma ka yi dariyar nan taka, magana ta wuce. Ka buɗe mini ƙofa daidai tsawona, yadda ba sai na sunkuya ba, ni kuma na ƙi ko kallon ta. Wannan nadama ba ta bar ni ba, kuma ba na jin za ta bar ni.

Ranar Litinin na tare Direba a wurin lodi, na gaya masa na san da raunin nan kafin in tura masa tayi. Ya ce ya daɗe da sani, kuma kai ka roƙe shi kada ya tayar da maganar. Na koma zauren hira, a gaban mutanen da na yi maka ƙazafi, na janye abin da na rubuta. Mutum goma ne suka karanta.

Daga nan na shiga ɗakin yanka, na tsinci guntayen takarda biyu, na rubuta, na sauya musu wuri. Da ni ne a gefenka, ba zan karɓa ba. Abin da ka sani kuma, Yaya, ni ban sani ba. Musayarka ta faɗi a tambayoyin biyu duka, saboda haka na soke ta. Hukuncin da ka nema ke nan, na yanke, sai dai babu lambar da zan kira.

Ya Allah, bawanKa ya tsare adalci a abin da mutane ke ɗauka wasa ne, Ka yi masa abin da ya fi adalci, Ka lulluɓe shi da rahamarKa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka haskaka makwancinsa, Ka sa Aljanna ce gidansa. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa da 'ya'yansa huɗu, da 'yan'uwansa, da abokan aikinmu na maɗaba'a. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku a bayansa. Ni kuma ku taya ni roƙo, Allah Ya sa ya yafe mini kafin ya tafi.