Ranar da Na Bar Hajiyar Yendi a Durƙushe

Waɗanda ke tsakar gidana a Salaga ranar nan, ga su: ni, ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa ko da babu mai ji, matarsa mai jego, tana ɗaki da jaririya, ƙanwata da ta zo daga Bawku da jakunkuna kamar mai ƙaura, uwar mai jegon, wadda matar wani babban malami ce, muna kiranta Hajiyar Yendi, sai autarta, nas ce a asibitin garinsu. Sauran matan unguwa ne, masu daka da masu tuya da masu zuwa don a ce sun zo. Suna muke yi, haihuwa ta uku, shi ya sa aka yi shi a gidana.

Ni ban shiga boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da Allah ya ba ni ido ne. Tun ina yarinya nake tsame goro mai sankara daga kwando ba tare da na taɓa shi ba. Da na girma na riƙe gida, da wutsiyar ido nake mulki. Ina tsintar shinkafa kaina a sunkuye, sai in ce wa wadda ke gefena ta mayar da tsokar da ta ɗauka, ta kuwa mayar. Matan zango, wato unguwarmu, har tsorata 'ya'yansu suke yi da ni. Ban taɓa hana su ba, daɗi nake ji.

Sai ciwon gaɓɓai ya zo. Da safe yatsuna su ƙage, ɗaurin zane ya zama aiki, gwiwoyi su kumbura kamar an cusa musu auduga. Na je asibiti, suka ba ni magani, suka ce in riƙa dawowa. Na dubi layin nan na mutane har bakin ƙofa, na ce ba da ni ba.

To, a wajenmu magani kamar goro yake. A gidan biki ko gidan rasuwa, mace ta ce wayyo bayana, kafin ta rufe baki wata ta kwance bakin mayafinta ta miƙo mata ƙwaya. Ba a tambayar sunan ƙwayar, kamar yadda ba a tambayar wanda ya ba ka goro a wace gona aka tsinko shi. Ƙin karɓa kuma raini ne. Haka ƙanwata ta kawo mini tsarabar wasu ƙananan fararen ƙwayoyi daga kasuwar Bawku, ta ce, "Yaya, sha wannan ki ga ikon Allah." Na sha, na gani. Kafin mako ya zagayo ina durƙuso ina miƙewa kamar budurwa. Kumatuna suka cika, fuskata ta yi zagaye kamar faifai, mata suna ta cewa, "Mma, kin murmure! Me ɗanki ke ba ki?" In sun kusa ƙarewa sai in aika, ta ba direban mota ya kawo. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ina sha.

A cikin shekarun nan ne gidana ya gyaru. Na daina kama kowa da komai. Ba mai ɗaukar tsoka, ba mai murguɗa mini baki a kaikaice, akuyar maƙwabta ma ta daina shigowa. Na ce wa kaina, ashe tarbiyya kamar doya ce, sai ta daɗe a ƙasa. Har nasiha na riƙa yi wa tsararrakina, in ce su dage da faɗa, wata rana za su huta kamar ni. Kafaɗata ta hagu kan bugi bakin ƙofa, sai in zagi kafintan da ya kafa ta. Nakan yi ƙwallo da buta, sai in nemi wanda ya ajiye ta a hanya.

Ranar sunan, da hantsi, an yanka rago an feɗe, ina zaune ina kula da rabon nama. Rabon naman suna ba wasa ba ne, akwai na ungozoma, akwai na wanzami, akwai na dangin uwa, in aka yi kuskure a shekara ana maganarsa. Lasifika na ta karatu, turame biyu na dakan sakwara, ni kuma idona na kan wata mata mai saurin hannu.

Mutanen Yendi suna da wata ɗabi'a ta girmamawa. Ba sa tsaya wa babba a gaba. Sai su zo ta gefe, su durƙusa har ƙasa, su yi gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa, kuma ba sa tashi sai an amsa. Hajiyar Yendi ta girme ni, ba ta da dalilin durƙusa mini, amma ta yi don 'yarta na gidana. Ta zo ta haguna da ƙwaryar man kaɗanya a hannu, ta sauka a kan gwiwoyinta masu ciwo irin nawa, ta fara gaisuwa.

Duk wannan daga baya aka ba ni labari. Ni abin da na sani, ina cewa, "Ke, wannan cinyar ta dangin uwa ce, ajiye ta!" sai na ji turame sun tsaya. Na ɗaga kai na ga mata duk sun zuba mini ido. Na juya, sai ga Hajiya dab da zanena, gumi na tsiyaya daga goshinta, tana ƙoƙarin tashi ta kasa. Sai da autarta da wata mata suka kama ta ta hammata suka ɗaga. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta shige ɗakin 'yarta.

Ƙanwata ta ja ni bayan madafa. "Yaya, me matar nan ta yi miki? Tun ana yanka hanta take durƙushe!"

"Wallahi ban gan ta ba."

"Ke? Ke ce ba ki gani ba? Yaya, nemi wata ƙaryar. Ko jaririyar nan ba za ta yarda ba."

Ɗana ya zo, kansa a ƙasa, ya ce mutanen Yendi suna haɗa kaya, ko abinci ba za su tsaya ci ba. Na rantse masa, ya ce, "To, Mma," irin to ɗin da ake ce wa mahaukaci. Sunan da na yi shekara da shekaru ina ginawa shi ya tsaya a kaina yana ba da shaida. Duk Salaga babu mai yarda cewa wani abu zai wuce ta gefena ban gani ba.

Nas ɗin nan ce kaɗai ta tsaya tana kallona, ba da fushi ba. Ta ce, "Mma, zo mu shiga ɗaki." Muka shiga wurin mai jego, uwarsu na zaune bakin gado ta juya mini ƙeya. Nas ta tsaya a gabana ta ce in rufe idon dama, in kalli hancinta kada in motsa. Na ce a raina, yau ga ni ina kallon hancin sa'ar 'yar cikina. Ta ce, "Me ke hannuna?"

"Wane hannu?"

Ta matso da shi a hankali, sai da ya zo kusan gaban fuskata na ga ludayi. Ludayi guda, ja, ba allura ba.

Daga kan gado na ji mai jego ta ce, "Ashe shi ya sa."

Na ce, "Shi ya sa me?"

Ta rufe baki da zane. Na ce ta faɗa. Ta ce, "Mma, ai mun daɗe muna bi ta hagunki. In za a fita da abu, ta nan ake bi. Mun ɗauka gani kike yi kina ƙyalewa. Har cewa muke Allah ya karɓi addu'armu, Mma ta yi sanyi."

"Akuyar fa?"

"Kullum tana shigowa, Mma."

Kafaɗun Hajiyar Yendi suka fara rawa. Ba ta juyo ba, amma na san dariya take yi.

Nas ta tambaye ni ko ina shan wani magani. Na kwance bakin mayafina na nuna mata. Ta juya ƙwayar a tafin hannu, ta dubi kumatuna, ta ce tun yaushe. Da na faɗa mata, sai ta daina murmushi. Ta ce magani ne na gaske, likitoci ma suna ba masu ciwon gaɓɓai, amma da awo, kuma suna sa a riƙa duba ido, don yakan sa ruwan cikin ido ya matse jijiyar gani. Ba ya ciwo, ba ya ja, daga gefe yake fara ci. Kumatun da ake yaba mini ma aikinsa ne.

Na ce, "To, a zuba su a masai."

Ta riƙe mini hannu. "A'a, Mma! Wanda ya daɗe yana sha ba ya bari rana ɗaya, sai ya kwanta. Likita ne zai riƙa rage miki kaɗan-kaɗan. Yau za mu je, ba gobe ba."

Na ce ana suna a gidana zan tafi asibiti? Hajiyar Yendi ta yi magana a karo na farko, ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Naman zai rabu ko ba ke."

Muka hau keke mai ƙafa uku, ni da nas da ƙanwata, wadda aka sa dole don ita ma tana sha. A ɗakin duba ido wani saurayin likita ya ɗiga mini magani, ya sa na ɗora haɓa a kan wani ƙarfe, ya matso da shuɗiyar fitila har ta kusa taɓa ƙwayar idona. Ni da ba a haɗa ido da ni, ga yaro yana leƙa cikin nawa yana cewa kada in ƙifta. Da ya gama ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya ci gefe sosai, na dama ya fara.

Na ce, "To, a ba ni maganin da zai dawo da shi."

Ya ce, "Hajiya, abin da ya tafi ba ya dawowa. Wanda ya rage muke so mu tsare. Za ki riƙa ɗiga magani kullum, ko kin ji lafiya ko ba ki ji ba, kuma ki riƙa zuwa muna aunawa. Za mu haɗa ki da likitan gaɓɓai ya sauya miki magani. Amma in gaya miki gaskiya, da an fara rage wannan ƙwayar gwiwoyin za su yi magana."

"In na ƙi fa?"

"Za ki riƙa durƙuso da kyau, amma wani zai riƙa juya ki gabas."

Na tuna yadda safiya take kafin ƙwayar nan, yadda nake rarrafe zuwa bakin gado. Sai na rufe idon hagu na dubi ɗakin da na dama, na ga labule da kwandon shara da ƙanwata tana murza yatsu a kusurwa. Na ce masa ya rage.

Ƙanwata ma ya auna ta, ya ce nata bai hau ba tukuna, amma tunda jini ɗaya muke ta riƙa zuwa awo a Bawku, 'ya'yana ma su zo. A hanyar dawowa tana ta kuka, wai ita ta makantar da ni. Na ce, "Rufe mana baki, ɗura kika yi mini? Kuma koma damana, in za ki yi kukan in gani."

Mun iso bayan la'asar, mutanen Yendi ba su tafi ba. Na wuce kai tsaye ɗakin mai jego, na zagaya ta gefen Hajiya kamar yadda suke yi, na sauka ƙasa na gaishe ta. Ta bar ni a nan ɗan lokaci. Haƙƙinta ne. Sannan ta amsa da "naa" ɗinsu mai tsawo, ta miƙo hannu.

Ta ce, "Kin san abin da ya sa na daɗe ban tashi ba? Ba ladabi ba ne kaɗai. So nake in kin amsa in roƙe ki ƙwayar nan. An ce mini kina durƙuso kamar amarya."

Na ce, "Hajiya, da na gan ki da na ba ki."

Ta ce, "To, Allah ya yi mini gyaɗar dogo."

Washegari bayan sallar asuba na kira nas ta koya mini ɗiga maganin. Na farko ya sauka a kumatu, na biyu a hanci, na uku ya shiga. Da gari ya waye na ja kujerata 'yar tsugunne, ban bar kowa ya taya ni ba, na kai ta can kusurwar da katangar madafa ta haɗu da ta ɗakina. Na zauna, haguna jikin bango, yadda ƙofar gida da rumbu da bakin madafa duk suna gabana. Matan da suka zo wanke tukwanen suna suka tsaya suna kallon juna.

Na ce, "Ku ci gaba da aikinku. Ke mai jan kallabi, buɗe wannan ƙullin in gani."