Gawar da Ba Ta Kwana a Gida Ba

A ƙauyenmu da ke gaɓar yammacin Ireland, idan aka yi rasuwa, kafin a kira limamin coci an kira Mena Devaney. Ita ce mai shirya ɗakin kwanan gawa. Za ta tsayar da agogon bango, ta rufe madubi, ta buɗe taga, sannan ta ɗora tukunyar shayi. A wajenmu mamaci sai ya dawo gidansa ya kwana, jama'a su cika ɗaki, a sha shayi, a tono tsiyar da ya tafka yana saurayi, a yi dariya a yi kuka. Mena ta tsani a kai mutum kabari daga asibiti kai tsaye. Cewa take yi ko kare ba a yi masa haka.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nata, kuma tun muna amare muke faɗa, yawanci a kan kajina. Mace ce mai baki, ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Mijinta Malachy kuwa, tsohon masunci, sai ya wuni bai ce uffan ba. Ita ta yi maganar mutum biyu tsawon aurensu.

Da wata annobar tari mai saurin yaɗuwa ta iso, kowa ya zama likita. Wannan ya ce giya mai zafi da zuma ke kashe ta, wancan ya ce cutar 'yan birni ce, iskar teku ba za ta bar ta ta sauka ba. Mu tsofaffi aka ce kada mu leƙa ko ƙofa. Cefane a kan katanga ake ajiye mana, mai kawowa ya buga ƙararrawa ya ruga kamar ya ga maciji.

Malachy ya fara tari, motar asibiti ta ɗauke shi, aka hana Mena bin sa. Ita ma aka ce ta kamu, ta kulle kanta. Bai dawo ba. Ta waya aka gaya mata ya rasu, tana tsaye ita kaɗai a kicin.

Na ji ta ta taga tana magana da Fintan, ɗan wanta, mai tuƙa motar gawa. Yana can bakin titi da ƙyalle a baki.

"Ka kawo min shi gida, Fintan."

"Goggo, an rufe akwatin, an hana buɗewa. Daga asibiti sai maƙabarta."

"Wa ya hana? Ni na yi maka wanka ranar da aka haife ka, ɗan banza, yau kai za ka karanta min doka? Dare ɗaya kawai. Ba sai kowa ya zo ba."

"Goggo, ki yi min rai. Ko ke ba za ki je maƙabartar ba."

Ta leƙo wajena. "Ke Attracta, kin yi shiru? Ina bakin naki na faɗan kaji?"

Na ce, "Mena, yaron nan ba laifinsa ba ne."

"To laifin uban wa ne?"

Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan zaga.

Abin da Fintan ya iya shi ne ya biyo da motar ta layinmu. Da safe mutanen ƙauye suka fito suka jeru a bakin hanya, kowa nesa da ɗan'uwansa, maza sun cire huluna. Ba musabaha, ba runguma. Mutanen da suka saba cika ɗaki har a rasa wurin sa ƙafa, ga su a warwatse kamar turakun shinge.

Motar ta zo a hankali ta tsaya daidai ƙofar gidan. Mena ta buɗe ƙofa, tana sanye da baƙar rigarta ta coci, ta sauko mataki ɗaya. Nan take na kusa suka ja da baya. Har waɗanda ta wanke iyayensu da hannunta. Ta gani, wallahi ta gani, na ga fuskarta ta canza. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, amma har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Fintan ya sauke gilashi. "Goggo, don Allah."

Ta dubi akwatin, tsakaninsu bai wuce tsawon lambun gidan ba. Sai ta mayar da ƙafarta ciki, ta riƙe ƙyauren da hannu biyu, ta wangale shi iyakar buɗuwarsa.

"Malachy," ta ce, "ga gidanka nan a buɗe. Ka shaida ba ni na hana ka shiga ba."

Fintan ya jira iyakar abin da zai iya, sannan ya tada mota.