Masta Mumuni da Dokar Hannu a Taga

Ina zaune cikin tasi a bakin tashar jirgin ƙasa ta Silver Spring, kusa da Washington, da hantsi, ina jiran fasinja, sai waya ta yi ƙara. Lambar Faisal ce, ɗan Masta Mumuni. Na ƙyale ta har ta katse, domin shekara biyu ke nan ba na ɗaukar kiran gidan nan. Ta sake, na ƙyale. A karo na uku na ɗauka. Faisal a ƙasar nan aka haife shi, in ka yi masa Hausa da Turanci yake mayar maka, amma ranar da Hausa ya yi mini magana.

"Baba Idi, Baba ya rasu."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya ce a gareji ne, yana sunkuye a kan injin wata mota, ya dafe ƙirji ya zauna, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Wata mata ta buɗe ƙofar baya ta shiga tana faɗa mini inda za ta, na ce mata ta sauka, yau ba aiki.

Ni ban yi lakwal ba, ko ƙofar aji ban taɓa takawa ba. Abin da kuke karantawa da bakina na faɗa, 'yata ta buga, na kuma sa ta karanta mini sau biyu don kada ta gyara mini magana. Mutanen masallacinmu na Lanham sun san ni da marigayi ba ma ga-maciji, wasu ma za su ce me ya kai Idi cikin masu yabo. To ku saurara, ni ma ina da abin faɗa.

Mumuni ɗan zangon Kumasi ne, bakanike, garejinsa yana Clinton. Masta kowa ke kiransa, yadda mutanen Gana ke kiran ubangidan gareji. Ni daga Maraɗi na zo, na kuma girme shi da shekara goma, don haka Yaya yake ce mini. Rabin direbobinmu na nan shi ya koya musu tuƙin ƙasar, ranar Lahadi a filin ajiye motoci na wani kanti, har su samu permi, wato takardar izinin tuƙi. In ka kai masa mota don canjin mai ya ga birki ya cinye, makulli ya shiga aljihunsa ke nan, ko za ka yi kuka. Yakan ce, "Gudu ba ni ne na sa mata ba, kamfani ne. Ni aikina ta tsaya." Wata shekara da ƙanƙara ta rufe gari motata ta mutu a kan hanyar Lanham, shi ya zo ya kwanta a ƙarƙashinta cikin sanyin nan, ya tashi leɓensa ya yi fari, yana tambayata ko na karya kumallo.

'Yarsa ta fari sikila ce ta kashe ta, tun suna Kumasi. Bai cika zancenta ba. Abin da ya yi shi ne, kowace shekara in sanyi ya wuce, shi da wasu abokansa su kama hayar wani filin tseren motoci da ke can yamma, bayan duwatsu. Mutane su biya su shiga da motocinsu na gida su zagaya, abin da aka tara ya tafi wajen yara masu sikila, na nan da na gida. Da rana kuma a ɗauki matasan masu ciwon a gaban mota, su ma su ɗanɗana gudu.

Kafin kowa ya tayar da inji sai ya tara mu ya hau kan wata tsohuwar taya. Kowa da hular kwano, kowa tagarsa a buɗe. Ya ce ba tsere muka zo ba, ba kofi, ba na ɗaya. Ba a wuce mota a kwana, sai a miƙaƙƙiyar hanya. Na baya kuma ba shi da ikon wucewa sai na gaba ya ba shi izini: ya fito da hannu ta taga, ya nuna masa gefen da zai bi, ya ɗaga ƙafa daga totur. Mota ɗaya, nuni ɗaya. In mota uku ce a bayanka, sau uku za ka fito da hannu. Yana da wata magana da yake maimaitawa kowace shekara har matasa suka haddace: "Wanda ka gani a madubinka ba daga sama ya faɗo ba. Kamo ka ya yi. Ba shi hanya, ba a rage maka komai ba."

Shekarar da na je, abin da ya fara ɓata mini rai shi ne koriyar takarda da suka manna mini a gilashi, alamar sabon shiga. Ni da na tuƙa kamyo, babbar motar kaya, daga Maraɗi zuwa Agadas tun babu gudro, wato kwalta, a rabin hanyar, na yi shekaru ina tasi cikin cunkoson Washington. Na ce masa, "Masta, lokacin da na fara riƙe sitiyari kana yawo ba wando." Ya yi dariya ya ce, "Gaskiya ne, Yaya. Amma filin nan bai san ka ba tukuna." Na haɗiye, ban manta ba.

Da rana muka shiga. Motata babba ce, injinta ya fi na yawancinsu. Tun a zagayen farko na ga wata 'yar shuɗiyar mota a madubi. Faisal ne, a gefensa Maryam, yarinya 'yar shekara goma sha shida, mai sikila, 'yar wani maƙwabcinmu. A kwana sai ya kamo ni har in ga hular yarinyar, in mun fito miƙaƙƙiya in taka totur in bar shi. Wani kwanan ya sake kamo ni. Ma'aikacin filin ya ɗaga mini shuɗiyar tuta, wadda Masta ya ce ma'anarta duba madubi, akwai wanda ya fi ka sauri. Na wuce shi. Zagaye uku muna haka, motoci sun yi layi a bayanmu. A raina ina cewa yaron da na je sunansa ba zai wuce ni a gaban jama'a ba.

A zagaye na huɗu haƙurinsa ya ƙare. Ya kutso ta ciki a kwana, ba izini. Ni kuma na karya sitiyari yadda na saba, na rufe wurin. Tayoyinsa biyu suka sauka kan ciyawa, motar ta juya sau biyu, ta tsaya ƙiris ya rage ta daki katangar tayoyi. Ba wanda ya ji rauni. Aka fito da Maryam a firgice. Washegari ciwonta ya tashi, ta yi mako guda a asibiti. Likita bai ce firgitar ce ta jawo ba, bai kuma ce ba ita ba ce.

Aka ɗaga mana baƙar tuta, muka fito. Masta ya fara da ɗansa. Ya miƙa hannu, Faisal ya cire hular kwano ya ba shi. Ya ce shekara guda ba zai sake taka filin ba. Yaron ya fara bayani da Turanci, uban ya ce, "Ka ga hannu?" Ya ce a'a. "To magana ta ƙare." Na ji daɗi, na ɗauka an gama. Sai ya juyo gare ni, mutane sun kewaye mu.

"Yaya Idi, ka gan shi a madubi?"

"Ban gani ba."

"Tutar fa?"

"Ni hanya nake kallo, ba tsumma ba."

"Yaya, zagaye uku. Ina tsaye a kan katanga ina kallonku."

"Ɗanka ya karya doka, ni za ka tsare da tambaya?"

"Shi ya karya, kai ka matse shi har ya karya. Ku biyu kuka yi wasa da ran 'yar mutane." Muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce, "Yi haƙuri, yau kai ma ka gama."

Wani ɗan Accra daga baya ya ce, "Baba ya ɗauka kamyon albasa yake ja." Aka yi dariya. Tun daga ranar matasa suka sa mini suna Baba Toshe-hanya, har yau in na juya baya ina jin su.

Ga ƙorafina, kuma mutuwa ba ta sa na janye shi ba. Kamata ya yi ya ja ni gefe. Akwai rumfa, akwai bayan motoci, wuri bai ƙare ba. A gidanmu ƙane ba ya titsiye yayansa a gaban 'ya'yan cikinsa. Na faɗa yana raye, ina faɗa yanzu. 'Yata ta ɗago kai da na zo nan, na ce ta buga yadda na faɗa.

Na sauya gareji. A masallaci na koma ɗaya gefen sahu. In ya gaishe ni in amsa da guntuwar murya, iyakar abin da addini ya wajabta. Shi bai fasa komai ba. Kowace Sallah matarsa Hajiya Adiza ta aiko mana da dokunu, tuwon masarar nan nasu, da soyayyen kifi da yajin nan nasu na Gana, in ci, ban taɓa aika godiya ba. Wata Juma'a na fito na hango shi a tsugune gefen tasina yana shafa tayar baya. Bai yi mini magana ba, 'yata ya samu ya ce ta gaya wa babanta tayar ta gama aiki. Na ƙara mako biyu a kanta don kada a ce maganarsa na bi. Da na kai wani garejin, bakaniken ya nuna mini waya ta fito daga ciki, ya tambaye ni ko fasinja nake ɗauka da wannan.

Juma'ar ƙarshe kafin rasuwarsa muka haɗu a bakin ƙofa, wajen takalma, ba hanyar kaucewa. Ya riƙe mini ƙofa ya ce, "Yaya Idi, bana na ajiye maka wuri a filin. Hannu ɗaya kawai za ka fitar, shi ke nan mun shirya." Yana murmushi. Na sa takalmina na ce, "Hannuna yana kan sitiyari." Na wuce. Maganar ƙarshe ke nan da Mumuni ya ji daga bakina a duniya. Tun ranar da Faisal ya kira, ko ina alwala ko ina jiran wuta ta ba da hannu, ita nake ji.

Bayan an sallace shi muka ɗauki hanyar maƙabarta, motoci a jere, fitilu a kunne. Ni ɗabi'ata ce a kowace jana'iza in kasance dab da motar gawa, kowa ya sani, ranar ma na kutsa na shiga wurin ban yi tunani ba. Mun yi nisa na ɗaga ido. Shuɗiyar motar nan ce a madubi. Faisal a bayana, gawar ubansa a gabana, ni a tsakani. Bai yi mini oda ba, bai matso ni ba. Hanya layi biyu ce, fili a gefena, da ya so da ya wuce. Yana biye da ni a hankali, yana jira.

Na sauke gilashi. Na fito da hannu na nuna masa hagu, na ɗaga ƙafa daga totur. Ya wuce bai kalle ni ba, fuskarsa a jiƙe. Motar da ke bayansa ta matso, ita ma ta tsaya a madubi, direban ɗaya ne daga cikin waɗanda Masta ya koya wa tuƙi. Na sake fito da hannu. Haka na yi ta yi, mota ɗaya nuni ɗaya, har kafaɗata ta yi tsami, har madubi ya zama ba kowa. Ni na shiga maƙabarta a ƙarshe.

Da aka gama rufe shi na samu Faisal. Na ce, "Babanka ya taɓa cewa ya yafe mini?" Ya lalubo Hausar da ƙyar. Ya ce, "Yana cewa, Baba Idi zai zo. Tsohon inji ne, yana daɗewa bai ɗauki zafi ba." Na ce ba wannan na tambaya ba, kalmar yafiya nake nema. Yaron bai iya ƙarya ba, irin ubansa. Ya ce, "Ban ji ya faɗa ba, Baba." Da wannan amsar nake zaune.

Tunda shi ba zan ƙara samunsa ba, bari in faɗa a gaban waɗanda suka ji ƙaryata. Na ga motar Faisal tun zagayen farko. Na ga tutar sau uku, na san ma'anarta. Na ga hular Maryam a madubi na taka totur. Na je gidansu na faɗa wa mahaifinta haka, na faɗa wa ita kanta, ta ce ba komai Baba, amma ba ta sake yarda ta shiga filin ba tun ranar, kuma wannan a wuyana yake.

Allah ya jiƙan Mumuni, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da 'yarsa a Aljanna Firdausi. Rayukan da dokarsa ta tsare, da birkin da ya gyara wa mutane suna zaginsa, Allah ya sa ya tarar da su a mizani. Allah ya ba Hajiya Adiza haƙuri da dangana, ya raya Faisal da ƙannensa a kan tafarkin ubansu, ya ba Maryam da duk masu ciwon nan sauƙi. Ni kuma, duk wanda ya karanta wannan, in ya gama yi wa Masta addu'a, ya roƙa mini Allah ya sa ya yafe mini kafin ya cika, ko da bai faɗa wa kowa ba. Amin.