Ƙwan Rimot a Buhun Yaya

A shekarun da bama-bamai ke tashi a Kano, sana'armu a Dala haɗa fitila ce, ni da yayana. Irin fitilar nan ta talaka: a huda tsohon faifan sidi a jera masa ƙananan ƙwayayen lantarki, sai akwatin katako mai cin batir uku. Yaya ne mai liƙi da dalma, ni kuma mai tantance ƙwai. Tun da mijina ya rasu na dawo gida ya ɗora ni a kan aikin, wai na cika surutu, gara hannuna ma ya samu abin yi.

A buhu yake sayo ƙwayayen wurin 'yan gwangwan, waɗanda aka ɓalle daga matattun tocila da rediyo da rimot. Ba rubutu a jikinsu, duk garau suke kamar ƙanƙara, ba ka sanin launin ƙwai sai ya kama. Ka ba jan ƙwai wutar da ta dace da fari, sai ka ji tas, ya ƙone. Shi ya sa Yaya ya koya mini dabara. Zan goga fensir a kwali, in yi layi mai kauri baƙi ƙirin, in sa wutar batir ta bi ta layin. Daga nesa nake farawa, inda wutar ba ta da ƙarfi, ina matso da bakin waya a hankali har ƙwan ya kama, sannan in ɗora mitar awon wuta a ƙafafunsa biyu. Ja yakan tsaya wajen bolt biyu, fari wajen uku. Akwai kuma na rimot ɗin talabijin, mai tsayawa ɗaya da 'yan kai, wanda haskensa ido ba ya gani sai kyamarar waya. Sau nawa Yaya ya ce in ware su in zubar? Ni kuwa don ƙiwa sai in jefa su cikin buhu in ce gobe.

Wata Talata da hantsi wani abu ya fashe ta wajen Ƙofar Dawanau, har ƙasa ta zubo daga azarar soronmu. Ba a yi awa ɗaya ba masu kaki suka cika lungu, gida gida. Ina jin ihun maƙwabta da ƙarar ƙyaure ana ɓallawa. Su huɗu suka shigo mana. Me za su gani? Waya, batura, dalma, mita, duk baje a tabarma. Wallahi ko ni ce su, abin da zan zata ke nan.

Kafin Yaya ya buɗe baki ɗaya ya sa masa gindin bindiga a fuska, haƙori biyu suka faɗo a tabarma. Suka kwantar da shi rubda ciki a tsakar gida, aka take masa wuya da takalmi. Na yi ta cewa fitila ce, fitila ce, aka wanke ni da mari har kunnena ya toshe. Babbansu, wani dogo mai jajayen idanu, ya ce mota na bakin titi. Kowa a unguwa ya san wanda ya shiga motar nan ba a cika sake jin labarinsa ba.

Na durƙusa na roƙe shi ya bari in kunna. Ranar ko fitila ɗaya haɗaɗɗiya babu, jiya aka kwashe su kasuwa. Ya zura hannu a buhu da kansa, ya zaro ƙwai ɗaya ya jefo mini.

"Kunna wannan. In bai kama ba, da shi za mu tafi."

Na goga fensir a kwali. Na fara daga nesa, don na san in ƙwan ya yi tas harbi za su yi. Na matso, babu. Na ƙara matsowa, babu. Dogon ya yi alama da kai. Wanda ke taka Yaya ya ja masa hannun dama ya shimfiɗa a kan dutsen niƙa, ya ɗaga bindiga ya sauke gindinta a kan yatsun. Na ji ƙarar ƙashi. Yaya bai yi ihu ba, wani irin nishi ya yi, irin na rago. Na juya ƙafafun ƙwan ko na yi kuskure, shiru. Aka sake saukewa. Jini ya bi dutsen ya gangara kwata.

Ban san abin da ya sa na mayar da ƙafafun yadda suke na jawo mita ba, sabo ne kawai. Na ɗora. Ɗaya da ɗigo biyu. Na rimot ne, ɗaya daga waɗanda na ƙi zubarwa, kuma tun farko a kunne yake.

"Yallaɓai, ya kama. Buɗe kyamarar wayarka ka duba."

Dogon ya ɗora mini bakin bindiga a goshi, da zafinta da warin hayaƙi, ya ce ashe har shi zan raina wa hankali. Na ce in bai ga komai ba ya harbe ni. Ya ciro wayar da hannun hagu ya saita. A fuskar wayar ɗan ƙwan nan na ci, ja-ja shuɗi-shuɗi. Na ɗaga wayar batir hasken ya mutu, na mayar ya dawo. Ya kira sauran suka leƙa, har ɗaya ya yi dariya. Suka shure buhun, suka tafi gida na gaba.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma yatsu uku sun ƙage. Yaya bai ƙara riƙe ƙarfen dalma ba, ni na koma liƙi. Na tsani kaina shekara da shekaru, kuma har ya bar duniya bai taɓa cewa laifina ne ba. Gara ma da ya zage ni. Tantancewa ya karɓa, yana jan waya a layin fensir da hannun hagu. Duk sanda ya ci karo da na rimot, ba ya kallona, sai ya tashi da kansa ya je ya jefa shi a kwata.